Ba Zan Sauka a Apia Ba

Tun kafin jirgin ya gama jingina da tashar Apia, babban birnin Samoa, na riga na yanke shawara. Ba zan sauka ba.

Ina kwance na juya wa Mama baya, na ja bargo har kunnuwana, ina jin ta tana buɗe akwati tana rufewa. Ƙamshin man kwakwar da take shafawa ya cika ɗan ɗakin namu. A waje kuma lasifika sai kira take, masu fita yawon gari su riƙe katinsu, su tabbata sun dawo kafin ƙarfe biyar, don jirgi ba ya jiran kowa.

"Apaula, tashi. Ga farar rigarki can na goge."

"Mama, cikina ke juyawa. Ruwan nan ne."

"Tun daga Auckland muke kan ruwa bai juya ki ba, sai yau da ya tsaya cik?"

Ni dama ban iya ƙarya ba. A ɗakin karatun da nake aiki, ko yaro ne ya tambaye ni ko littafi da daɗi, in babu daɗi sai muryata ta hau rawa.

Da Mama ta sayi tikitin wannan jirgin shaƙatawa, cewa ta yi na bikin cikarta shekara sittin ne. Sai jiya da rana, muna cin abinci, ta faɗa mini sauran. Kawu Tanielu, yayanta, zai jira mu a bakin tasha da mota. Za mu je kabarin yayana, Yaya Setu. Daga nan mu wuce gidan faston ƙauyenmu, inda aka gasa alade guda saboda ni, domin ɗansa Uelese ya dawo daga karatu, kuma an daɗe ana maganarmu.

"Ana maganarmu?" na ce. "Su wa?"

"Manya," in ji ta, ta ci gaba da yanka kifinta.

Yanzu ta zo ta zauna a bakin gadona. Katifar ta lotsa.

"Ba wanda zai ɗaura miki aure yau. Ki je, ki gaishe su, ki zuba wa uwarsa abinci, ki yi murmushi. Shekararki ashirin da huɗu, kin fi ƙarfin a ja ki da igiya. Amma yaron nan me ya rasa? Ga ilimi, ga hankali, ga haƙora reras."

"Mama, ba haƙora zan aura ba."

"To me za ki aura? Mai tsinkar tuffa?"

Ko sunansa ba ta iya kamawa.

Penaia ne mai tsinkar tuffar. Aikin gona na ɗan lokaci ya kai shi New Zealand, inda ni da Mama muke zaune, takardarsa ta ƙare ya dawo gida Samoa. Shi ne kaɗai namijin da na taɓa iya duban idonsa in yi magana ba tare da na sarƙe ba. Kuma yayansa ne ya tuƙo motar hayar da ta buge Yaya Setu a hanyar dawowa daga wasan ƙwallo, lokacin ina sakandare.

An ɗaure direban, ya yi zamansa a gidan yari. Amma a wurinmu gidan yari na gwamnati ne, bai shafi abin da ke tsakanin gida da gida ba. Washegarin jana'iza, dangin Penaia suka zo ƙofar gidanmu tun da asuba domin su durƙusa. Suka tarar Mama ta riga ta ɗauke ni mun nufi filin jirgin sama, sai Auckland ta New Zealand. Ta bar wa Kawu saƙo: kada ya kuskura ya yafe a madadinta. Kawu ne ke riƙe da sarautar gidanmu, amma a al'adarmu in ƙanwa ta yi magana, wane yaya ne zai tsallake? Suka wuni a rana, suka tashi da yamma ba wanda ya ce musu ci kanku. Tun daga ranar ƙafar Mama ba ta sake taka Samoa ba.

Shi ya sa ta zaɓi jirgin ruwa. "A jirgi zan kwana," ta ce da Kawu a waya. "In taka ƙasar da safe, in bar ta da yamma."

"Mama," na ce, ban yaye bargon ba, "shi Penaia ba ya cikin motar. Yana makaranta ranar."

"Nono ɗaya suka sha."

"To ni ba zan sauka ba."

Ta miƙe, na ji ta tana soka furen kunne, tana ɗaukar jaka.

"Zauna. Zan ce musu ba ki da lafiya. Uelese yana da haƙuri, da Kirsimeti zai zo Auckland da kansa."

Ƙofa ta rufe.

* * *

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na yi dabara.

Na sa tsohuwar rigata, na ɗauki jakar littattafaina, na hau can bene na sama. Jirgin ya yi tsit kamar coci ranar Litinin. Kujerun bakin tafkin wanka babu kowa, sai wani tsoho yana minshari da jarida a fuska.

Akwai abin da ban faɗa wa Mama ba. Na gaya wa Penaia ranar da jirginmu zai iso. Abin da na roƙe shi ɗaya ne: ya zo ya tsaya kan katangar bakin teku da jar riga, in hango shi daga sama, ya hango ni. Shi ke nan. Ba magana, ba taɓa hannu. A littattafan da nake karantawa, irin wannan ya isa mutum ya rayu shekara guda.

Na nufi wajen ƙarfen baranda ina neman jar riga.

Wasu fasinjoji da ba su fita ba sun taru a wurin, kowa da waya a sama. Wata Baturiya mai faffaɗar hula ta matsa mini.

"Zo ki gani, 'yan mata! Wasan gargajiya suka shirya mana. Amma tun ɗazu ba su fara rawar ba, ko kiɗa babu. Ke 'yar nan ce, ko? Yaushe za su fara?"

Na leƙa.

Jakar ta suɓuce daga kafaɗata.

Can bayan ƙofar tasha, a gefen titi, inda babu ko inuwar sanda, mutane ne zaune a jere kan kwalta, maza da mata, sun tanƙwashe ƙafa, kowa ya sunkuyar da kai. A gabansu mutum ɗaya ne zaune, an lulluɓe shi tun daga ka har ƙasa da tabarmar da ake gada kaka da kakanni, irin lallausar nan mai jan gashin tsuntsu a baki, wadda ake shekara ana saƙawa. A gefensa ga itacen girki, ga duwatsun gashi, ga ganyen ayaba.

Ifoga, roƙon gafara irin na Samoa.

Ban taɓa gani da idona ba, amma babu ɗan Samoa da zai ga itace da duwatsu da ganye a gaban mai tabarma ya tambayi ma'anarsu. Ga mu, ga kayan gashi. In kun ga dama ku gasa mu kamar aladu. Kuma mai tabarma ba ya motsi, ba ya shan ruwa, ba ya tashi, sai wanda aka yi wa laifi ya zo da hannunsa ya yaye.

A ƙofar gida ake yi. Mama ba ta da gida a Samoa yanzu. Sai suka zo ƙofar jirgi.

Daf da bayan tabarmar, ga jar riga.

"Lafiya kuwa?" in ji Baturiyar. "Kin yi fari fat."

"Ku sauke wayoyin," na ce. Ban san muryar ta fito ba. "Don Allah ku sauke. Ba wasa ba ne."

"To mene ne?"

Ba ni na amsa ba. Daga bayana aka amsa.

"Rashin kunya ne."

Na juya. Mama ce, da farar rigarta ta coci, da furenta a kunne, da katin fita a hannu. Leɓɓanta sun bushe. Ashe ta kai har bakin gadar sauka, ta hango su, ta juyo.

"Ni ma," ta ce, "ba zan sauka ba."

* * *

Ta ja ni zuwa wani lungu kusa da kwale-kwalen ceto, inda ba kowa.

"Wa ya gaya musu?"

"Mama…"

"Tanielu bai faɗa ba. Gidan fasto ba su faɗa ba. Saura wa?"

"Cewa kawai na yi ya zo ya ɗaga mini hannu. Na rantse, Mama, hannu kawai."

Ta yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Hannu. To ga shi ya ɗago miki ƙauye guda. Shekara da shekaru ina jiran in tsaya kan kabarin ɗana, na saya masa fure tun daga Fiji, yana can cikin kofin wanke baki. Yanzu ta ina zan bi? Ta kan kawunansu?"

Wayarta ta yi ƙara. Ta danna ta buɗe murya.

"Leutu," muryar Kawu Tanielu ce, a shaƙe. "Kin gani?"

"Na gani, Yaya."

"Faleniko ne da kansa a ƙarƙashi. Uban yaran. Tun kafin rana ta fito suke nan. Leutu, mutumin nan ciwon suga ya ci masa ƙafa ɗaya, da ɗauka aka sauko da shi daga mota."

Na toshe bakina. Baban Penaia. Mai sarauta ne a ƙauyenmu, wanda in ya shigo taro ake ba shi gindin ginshiƙi, mazaunin manya.

"Ban aike shi ba," in ji Mama.

"Sau ɗaya na tsaya ina kallon tsohon nan ya wuni a rana saboda maganarki. Har yau in na shiga majalisar ƙauye ba na iya dubansa. Ki ba ni izini kawai, ni zan yaye."

"Kai ka haifi Setu?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Cikina ne ya ɗauki Setu, Yaya. In ka taɓa tabarmar nan, ka manta kana da ƙanwa."

Sai muka ji ana karɓar wayar, wata murya mai santsi ta shigo.

"Gwaggo, barka da isowa, Uelese ne. Kada ranki ya ɓaci. Na yi magana da masu gadi, akwai wata ƙofa ta baya da manyan motoci ke bi. Zan zagayo da mota, gilashinta baƙi ne, ba wanda zai gan ku. Abinci yana hucewa, mahaifiyata tana ta tambaya. Apaula tana kusa? A ce mata na kawo mata sarƙar fure, ni na zaɓa da kaina."

Mama ta dube ni. Ko ita sai da ta runtse ido.

"Yaro, ni ba buhun siminti ba ce da za a fitar ta ƙofar manyan motoci. Ku ci abincinku."

Ta kashe wayar.

* * *

Rana ta take tsaka.

Mama ta ce yunwa take ji. Muka shiga babban ɗakin cin abinci, ta cika faranti da duk abin da ta gani, har da abin da likita ya hana ta. Ta zaɓi tebur a ɓangaren da ke kallon teku, ba gari ba. Ta zauna. Ko cokali ba ta ɗaga ba.

Sanyin na'ura yana dukan wuyana, ni kuwa kwaltar can nake ji a cinyoyina.

"Mama, zai mutu."

"Setu ma ya mutu."

"In ya mutu a ƙofar jirgin nan, mu za mu koma masu tabarma."

"Ke ki shiga, tunda kin ƙware."

Hawaye suka zubo mini. Na tsani yadda nake saurin kuka, amma ba yadda zan yi.

"Kin ɗauka ke kaɗai kika rasa shi? Ni ma yayana ne. Shi yake ɗaukar mini jakar littattafai har ƙofar aji, yana tafe a bayana kada wani yaro ya yi mini magana. Ko tabarma ɗaya bai taɓa zama da ni ba saboda girmamawa. In abokansa suka fara zancen banza na shigo, da ido kawai yake kashe maganar. Ban yi bankwana da ƙawayena ba, Mama. Ban ga an sa dutse a kabarinsa ba. Kika ɗauke ni da asuba kamar mun yi sata."

"Da na tsaya," ta ce a hankali, "da na yafe."

Na ɗago.

"Abin da na guda ke nan. Na san kaina. In na ga tsoho a ƙasa, hannuna zai tafi da kansa. Su kawo tabarmi, su kawo aladu, fasto ya yi addu'a, kowa ya rungumi kowa, a ci a sha. Kafin sati ya zagayo a ce magana ta wuce. Ta wuce! Ɗana yana ƙasa ko bushewa ba ta yi ba. Ni na wanke shi, Apaula. Akwai ciyawar filin ƙwallo a gwiwarsa."

Ta fashe da kuka a gaban farantin. Wani ma'aikaci ya nufo mu da tulun ruwa, ya ga fuskokinmu, ya yi kwana.

Na kama hannunta. Ta bar ni na riƙe na ɗan lokaci, sannan ta zare.

"Kuma kada ki ɗauka ban san abin da ke ƙarƙashin tabarmar ba. Ba Setu suka zo nema ba. Ke suka zo nema. In na yaye yau, gobe su aiko da maganar aure."

"In sun aiko fa?"

"In zauna a coci ina kallon jikokina da fuskar direban nan?"

Ta miƙe ta koma ɗaki. Na bi bayanta, na ji ta murza makulli.

Ni kuwa na koma baranda. Hadari ya taso daga kan duwatsu, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, masu talla suka watse, masu tasi suka shige motoci. Su ba wanda ya motsa. Ruwan ya ɗauke, rana ta dawo da zafin da ya fi na ɗazu, tururi yana tashi daga kwalta. Fasinjoji suka fara dawowa da kwandunan tsaraba, suna ratsa gefensu, wasu har suna tsayawa ɗaukar hoto.

Sai na ga tabarmar ta karkata.

Ta karkata hagu a hankali, kamar za ta kife. Jar riga ta matso, kafaɗa ta tokare ta. Ta miƙe. Bayan ɗan lokaci ta sake karkata.

Ban san lokacin da na ɗauki jakata ba.

* * *

Na'urar bakin gada ta yi ƙara da na ɗora katina. Mai gadin ya dubi agogo, ya dube ni.

"Yanzu za ki fita? Kowa dawowa yake."

Na wuce shi, ni da ko tambaya ba na iya yi a taro. Zafi ya mare ni. Warin teku da man jirgi da hayaƙin gashi ya shige mini hanci, warin da na ɗauka na manta.

A bakin ƙofa wani dogon saurayi mai farar riga da ɗan littafin waƙoƙin coci a aljihu ya tare ni, ya ɗaga sarƙar fure da hannu biyu. Haƙoransa kuwa reras ɗin ne.

"Apaula! Na san za ki…"

Na sunkuya na wuce ta ƙarƙashin hannunsa.

Kawu Tanielu yana tsaye jikin mota, ya tsufa, ya yi furfura.

Na ƙarasa. Ba wanda ya ɗago kai. Na zauna kan kwalta kusa da Penaia, zafin ya ratsa rigata har na kusa ihu. Ya rame. Leɓɓansa sun tsage. Bai dube ni ba, amma na ga jijiyar wuyansa tana bugawa.

"Koma," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah, Apaula, koma."

"Hannu na ce ka ɗaga mini."

"Na yi niyyar haka. Baba ya ga ina goge jar riga, ya tambaya. Ban iya yi masa ƙarya ba."

"Ashe mu biyu ne."

Ni ba ni da ikon yaye tabarma. 'Ya ce ni, ba uwa ba. Na duba hannuwana, na duba jan gashin tsuntsun da ya jiƙe ya manne da ƙasa. Sai na yi abin da ban taɓa ji an yi ba, ban kuma karanta a ko'ina ba. Na ɗaga gefen tabarmar kaɗan, na cusa kaina, na shige.

Na ji wata mata a baya ta ce, "Wayyo Allah!"

Ciki duhu, ga zafi kamar murhu. Numfashin tsohon yana fita da ƙyar.

"Wane ne?"

"Apaula ce, Baba. Ƙanwar Setu."

Ya juyo gare ni a cikin duhun.

"Fita, 'yata. Nan wurin masu laifi ne."

"Ni na jawo muku zaman rana. Ni ma mai laifi ce."

Na jingina kafaɗata da tasa don kada ya faɗi. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Jirgi ya busa ƙahonsa na farko, ƙasa ta amsa. Na ce a raina shi ke nan, zai tafi da Mama da kayana da komai.

Sai na ji ƙamshin man kwakwa.

Takalma suka tsaya a gabanmu. Fararen takalman coci.

Haske ya buge mini ido.

* * *

Mama tana tsaye, tabarmar a hannunta, furen Fiji a ɗaya hannun. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Tsohon take kallo, da guntun ƙafarsa da aka naɗe da zane.

"Faleniko," ta ce. "Ka tsufa."

Kuka ya ɓarke ko'ina. Mata suna rungumar juna, Kawu ya rugo da gorar ruwa yana ɗura wa tsohon, wani ya ɗauko waƙar coci muryarsa ta karye a tsakiya. Penaia ya kama hannuna a gaban kowa, ya matse. Na ce a raina, yau Allah ya dube mu.

A ƙa'ida, mai magana da yawun gida shi ke jawabi, kuma yana nan zaune da sandarsa, ya ma fara gyaran murya. Amma tsoho Faleniko ya wuni a rana, ga murna ta hau masa ka. Ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Leutu, ba ni da abin biyanki. Tabarma saƙa ce, alade nama ne. Gidana ya ɗauke miki ɗa." Ya laluba baya, ya kamo wuyan jar riga. "Ga nawa. Shi ne mafi kyawun abin da na mallaka. Ki karɓe shi a madadin Setu. Ya yi miki noma, ya yi miki gashi, ya binne ki ranar da Allah ya kira ki. Daga yau ɗanki ne."

Na san abin da yake nufi. Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Suruki yake miƙa mata, cikin ladabi irin na manya.

Amma na ga mai sandar ya runtse ido. Na ga Kawu ya sauke gorar a hankali.

Mama ta dubi hannuna cikin na Penaia. Sannan ta ɗaga murya yadda har masu tasi za su ji.

"Kun ji shi, jama'a? Yaya Tanielu, ka ji? Ɗan fasto, kai ma ka zama shaida."

"Leutu…" in ji Kawu.

"Na karɓa. Na yafe jinin Setu har ga Allah, ba sauran komai tsakanin gidajenmu." Ta sunkuya ta sumbaci Penaia a goshi, ta ɗora masa furen a cinya. "Ka kai wa ɗan'uwanka wannan, ka share masa kabari. Na rasa ɗa, na samu ɗa. Apaula ta rasa yaya." Sai a lokacin ta dube ni. Idanunta jajur, babu alamar nasara a cikinsu, gajiya ce kawai. "Yau ta samu yaya."

Waƙar ta tsaya.

Tsohon ya buɗe baki. Me zai ce? A gaban ƙauye guda ya bayar, a gaban ƙauye guda aka karɓa. In ya janye, ya janye yafiyar da ya wuni a rana yana nema.

Na ji yatsun Penaia suna saki ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe. Ya zare. Ya ja jiki baya, ya sauka daga gefen tabarmar da ta faɗo tsakaninmu, domin yaya ba ya zama kan tabarma ɗaya da ƙanwarsa.

"Penaia," in ji Mama, "ɗauki jakar ƙanwarka ka raka ta. Jirgi zai tashi."

Ya ɗauka. Mama a gaba, ni a tsakiya, shi a bayana, ba kusa ba, ba nesa ba, daidai inda Yaya Setu yake tafiya. Da muka zo wucewa, Uelese ya miƙa wa Mama sarƙar furensa, ta karɓa ta rataya a hannu.

A ƙofar tasha masu gadi suka tsayar da Penaia. Ya miƙo mini jakar ta madauri, yadda yatsunmu ba za su haɗu ba. Fuskarsa sharkaf.

"Ka ce wani abu," na ce. "Penaia, ka ce wani abu mana!"

Ya dubi ƙasa.

"Allah ya kiyaye hanya, ƙanwata."

Jirgi ya busa na biyu. Mama ta riga ta haye gadar, ba ta waiwayo ba. Ma'aikata sun fara kwance igiyoyi, ni kaɗai na rage a ƙasa, da jakar littattafai a ƙirji.

"'Yan mata," in ji mai gadin, ya miƙo na'urarsa, "za ki hau ne, ko mu janye gada?"

Katin yana hannuna. Ban miƙa ba.